Wasiƙa Zuwa Ga Aminina: Karatu Ya Koma Kunne

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya baƙunta?

Ka tambayi abin da nake karantawa kwanan nan. Tun da likita ya ce in rage zuba wa takarda ido da dare, sai na koma sauraro. Babban yarona ya sa mini littattafan murya a waya, ni kuwa bayan sallar isha'i na kan shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in sa abin ji a kunne. Wallahi ji nake kamar an dawo da mu ɗakin Kaka, lokacin tatsuniya.

Na fara da tarihin Nelson Mandela, Long Walk to Freedom, wanda ya fito a 1994. Kowa ya san shekara 27 ya yi a kurkuku, 18 daga ciki a tsibirin Robben. Abin da ya tsaya mini a rai dai shi ne wurin fasa farar ƙasa: hasken rana yana dukan dutsen yana dawowa idanunsu, suka roƙi baƙin tabarau, sai da aka ja su kusan shekara uku kafin a ba su. Ni da ido ke damuna, da na zo nan sai na tsayar da sautin, na yi shiru.

Daga nan na ce yaron ya zauna ya karanta mini Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, ina naɗa a waya. Ka tuna mun yi shi a makaranta don cin jarrabawa kawai? Ashe littafin kunne ne, tunda Shaihun da bakinsa yake ba almajiransa labari. Da aka kai inda mahaifiyarsa ta bazama nemansa har aka sayar da ita, suka haɗu a Tarabulus tana gab da rasuwa, muryar yaron ta fara rawa. Ban ce masa komai ba.

Na binciken kisa kuwa yana son natsuwa. Na saurari Murder on the Orient Express na Agatha Christie, wanda shi ma a 1934 ya fito, shekara ɗaya da Shaihu Umar. Dusar ƙanƙara ta tsayar da jirgin ƙasa, an wayi gari da gawa mai suka goma sha biyu, ga agogo ya tsaya a ɗaya da kwata. Hankalinka ya gushe na minti ɗaya, bakin zaren ya kuɓuce. Kada ka saurare shi kana tuƙi.

Zan tura maka abin da muka naɗa ta WhatsApp ranar Juma'a, in Allah ya yarda. Za ka ji carar zakaran maƙwabta a wani wurin, ka yi haƙuri. Ka sa yaranka su zauna ku ji tare.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka da yara.

Naka amini.