Foldar majinyaci da rigarsa na riga shi shiga ofishin likita

Malam Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan likitocin ƙwaƙwalwa, shekara huɗu ke nan ina raka ƙanena wani asibiti, kuma wallahi idona ya ga abubuwa.

Ranar kilinik benci ɗaya muke zama, sai an shiga ciki ake rabuwa. Alhaji mai babbar riga in ya ce barci ya ƙaurace masa, a ja masa kujera, a tambaye shi kasuwa da iyali, a ce damuwa ce. Ƙanena ɗan acaɓa ne, ranar farko wani ya rubuta shaye-shaye a foldarsa don ya taɓa shan taramol, to shi ke nan fa, yau ko ciwon kai ya ce yana yi sai a juyo a kalle ni a ce "ya koma ne?", ni ake tambaya shi yana zaune kamar buhu, minti biyar an rubuta magani an ce sai wata mai zuwa.

Da na ɗauka halinmu ne na nan, ashe har ƙasashen Turawa. A wani bincike da aka wallafa tun 1958, wasu masana biyu, Hollingshead da Redlich, sun bi majinyatan garin New Haven a Amurka, suka tarar masu hali ake zaunarwa ana musu jinya ta hira, talaka kuwa sai ƙwaya da jona lantarki a kai da ajiya a asibitin gwamnati. Na Ingila ya fi ba ni haushi. A 1988 wasu masu bincike, Lewis da Appleby, sun raba wa likitoci labarin majinyaci guda, a wasu takardun kawai suka ƙara cewa an taɓa samunsa da larurar ɗabi'a (abin da likitoci ke kira personality disorder), nan take waɗanda suka ga wannan layin suka ɗauke shi mayaudari mai neman a kula shi, wanda bai cancanci ɗawainiya sosai ba. Layi ɗaya tak!

Na san likitocinmu ba su da yawa, layi kuma har bakin get, ban raina ƙoƙarinsu ba. Amma ɗan lokacin da ake da shi, wa ke yanke wanda zai samu minti talatin da wanda zai samu biyar? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Buhari ya sa wa hannu, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta hana nuna wa majinyaci bambanci, amma ni dai ban ga ta iso bencinmu ba tukuna.

Wata mai zuwa zan ara wa ƙanena shaddata da hula in ga yadda za a yi.

Naku, mai karatu daga Zariya