Zuwa Ga Abba, Kan Bidiyon Nan

Assalamu alaikum. Abba, ina fata kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan tawa da sanyi ke tayar da ita.

Ƙanwarka ta nuna mini bidiyon Hitler da ka ɗora a WhatsApp, da abin da ka rubuta a ƙasa: "Irin wannan muke buƙata." Ban kira ka ba, don na san halina, in na kira faɗa zan yi. Shekara uku ke nan da gama bautar ƙasa kana yawo da takardu a ambulan. Ban raina zafin da ke ranka ba. Amma ni na koyar da tarihi har na yi ritaya, ba zan ga wannan in yi shiru ba.

A 1923 kuɗin Jamus ya zama takardar tsire. A watan Nuwamba dala ɗaya ta kai mark tiriliyan 4.2, abin da dattijo ya tara a rayuwarsa bai isa burodi ba. A watan nan Hitler ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich, ya ƙare a kurkuku. Da abubuwa suka ɗan lafa, a zaɓen 1928 kashi 2.6 cikin ɗari kacal jam'iyyarsa ta Nazi ta samu. Ana yi masa kallon mai surutu. Sai kasuwar hannun jari ta karye a Amurka a 1929, masu ba Jamus bashi suka janye hannu, masana'antu suka rufe. Zuwa 1932 mutum miliyan 6 ba aiki, a Yulin shekarar ya samu kashi 37. Mutumin bai canza ba, maganarsa ma ita ce dai. Kunnuwa ne suka canza.

Ga inda nake so ka tsaya. Da yawa daga leburorin da aka sallama 'yan gurguzu suka zaɓa. Waɗanda suka fi rububin 'yan Nazi su ne masu ɗan rufin asiri da ke ganin zai tone: mai ƙaramin kanti, manomin da bashi ya ci gonarsa, akawun da aka zaftare wa albashi. Da ɗaliban jami'a, Abba, masu digiri ba aiki, waɗanda tun 1931 ƙungiyarsu ta ƙasa ta faɗa hannun 'yan Nazi. Kunya ce ta fi yunwa cin su.

Ka ɗauki saurayin da ya wuni a bakin titi, ba ya son komawa gida saboda idon uwarsa. Dakarun jam'iyya sun ba shi miya mai zafi da wurin kwana, ya sa riga ruwan ƙasa da takalmin soja. Jiya ba mai amsa gaisuwarsa, yau in ya taho ana kaucewa. Sannan aka ce masa laifin ba nasa ba ne, ga masu laifin can, Yahudawa, mutanen da ba su kai ɗaya cikin ɗari na ƙasar ba. Bayanin bashi da kuɗin ruwa yana da wuyar haɗiya. Maƙwabci kuwa ga ƙofarsa. Farkisanci ke nan, wato fascism, aƙidar da Musolini ya hau mulki da ita a Italiya a 1922.

An naɗa Hitler shugaban gwamnati ranar 30 ga Janairu 1933. Kafin ƙarshen Maris an buɗe sansanin tsare 'yan adawa a Dachau, majalisa ta miƙa masa ikonta, a Mayu aka rushe ƙungiyoyin ƙwadago. Shugabannin masu rigar nan ruwan ƙasa ma, da ya gama da su, a 1934 ya sa aka harbe su.

Kuma ka dubi fatar hannunka. Akwai yaran da sojojin Afirka na rundunar Faransa suka haifa da matan Jamus a yankin kogin Rhine. A 1937 aka tattara ɗaruruwansu, aka yi musu aikin da ba za su taɓa haihuwa ba. Wanda ka ɗora ke nan.

Ban ce ka goge ba, kai ba yaro ba ne. Kawunka ya ce maganar shagon nan tana nan in kana so, na san ba ita ka yi wa karatu ba. Ka zo gida ran Juma'a mu zauna. Mamanka ta ce ka taho mata da kular da ka tafi da ita.

Mahaifinka