Rahoton Ayyukan Shekara: Daga Kwandon Daddawa Zuwa Ɗakin Nunarwa

Assalamu alaikum. Iyayenmu mata masu sana'ar daddawa, malamanmu, da matasanmu masu kula da ɗakin gwaji, barkanmu da ganin ƙarshen wata shekarar. A taron bara kun ɗora wa kwamiti nauyi guda ɗaya: a nemo yadda za mu riƙa nunar da kalwa buhu-buhu a lokaci guda, ta fito da ƙamshi da ɗanɗano iri ɗaya kullum, ba yau ta yi gobe ta ƙi ba. Ga inda aka kwana.

Da iri muka fara, wato ƙwayar da ke nunar da kalwa. Abin da ke mayar da dafaffiyar kalwa daddawa wata ƙwayar bakteriya ce mai suna Bacillus subtilis, wadda ke zaune a jikin kwando da ƙwarya da buhun da ake lulluɓewa da shi. Ita ke narkar da furotin ɗin kalwa har ta yi laushi, ita ke fitar da warin nan mai hawa hanci. Shi ya sa tsohon kwando ya fi sabo albarka. Sai dai kwando ba ya zaɓen baƙo. Wani lokaci 'yar uwarta Bacillus cereus, mai sa amai da gudawa, takan shiga ciki. Don haka muka bi gidajen mambobi muka karɓo daddawar da kowa ya yarda ta yi daɗi, matasa suka ware ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya, muka ajiye waɗanda suka fi saurin nunar da kalwa.

A kwalba mai lita 2 irin nan ya yi ta yaɗuwa ba gardama. Da muka juye shi cikin tanki mai lita 50, sai labari ya sha bamban. Wannan ƙwaya da iska take rayuwa, kuma lita guda ta ruwa ba ta riƙe iskar oksijin da ta wuce miligiram 8 ko kusa da haka, ruwan na ɗumi tana ƙara raguwa. A kwalba girgizawa ta wadatar. A tanki dole a yi ta hura iska daga ƙasa ana juyawa, kuma da an hura sai kumfa ta taso kamar an kaɗa sabulu. Daren farko kumfar ta fito ta bakin murfi ta malale a daɓe, yaron da ke gadi ya kwana yana goge ƙasa. Karo na biyu aka ɗauke wuta tsakar dare, famfon iska ya tsaya, da asuba ruwan ya yi tsami. Yanzu muna turara tankin da zafin digiri 121 kafin a zuba komai, iskar da ke shiga sai ta bi ta matata, ana ɗiga man gyaɗa kaɗan don kwantar da kumfa, janareta kuma a shirye yake.

Kada kowa ya ɗauka gazawarmu ce kaɗai. Masu haɗa maganin fenisilin a lokacin yaƙin duniya na biyu sun sha irin wannan wuya: a kwalabe da faranti suke renon naman gwarin da ke samar da maganin, abin da suke samu bai taka kara ya karya ba, sai da kamfanin Pfizer ya buɗe masana'antar manyan tankuna masu hura iska a Burukilin ta Amurka a 1944. Farin magin da ke kasuwanninmu ma ƙwayar bakteriya ce ke samar da shi a tanki, hanyar da Japanawa suka gano a 1956.

Babbar asarar shekara a tsakiyar bazara ta same mu, kuma laifin na kwamiti ne. Mun dafa buhu biyu na kalwa, aka surfe, aka wanke, aka sake dafawa, aka yayyafa iri, muka jibge duka a babban baho ɗaya muka rufe. Wata daga cikin iyayenmu ta leƙa ta ce, "'Ya'yana, kalwa ba ta son tudu, ku baje ta." Muka ce ai akwai iri mai ƙarfi. Kwana biyu aka buɗe. Sama ta nuna, ta yi yauƙi mai kyau. Da na cusa hannu tsakiya sai da na janye don zafi, ma'auni ya haura digiri 50, ƙwayoyin sun tsaya cak, kalwar ciki ta yi baƙi tana wani wari da ba na daddawa ba. Muka zubar.

Dalilin lissafi ne mai sauƙi. Ƙwayoyin nan suna fitar da zafi yayin da suke ci, zafin kuma ta jikin tulin yake fita. In ka ninka yawan abu sau 1,000 a siffa ɗaya, jikinsa na waje sau 100 kawai yake ninkuwa. Zafi ya taru a ciki, iska ta kasa kaiwa. Abin da Hajiyar da ta gargaɗe mu ta sani da hannu ke nan tun kafin a haife mu, kuma ina neman afuwarta a gaban kowa.

Mafita ta zo daga wani malaminmu da ya ba mu labarin natto, abincin Japan da ake yi da waken soya da wannan ƙwaya dai. Masana'antunsu ba sa tula wake wuri guda. A ƙananan mazubai suke zuba shi, su jera dubbai a ɗaki mai zafin kusan digiri 40, ya nuna cikin kamar yini da kwana. Muka kwaikwayi dabarar: tire-tire masu huji, kaurin kalwa kada ya wuce yatsu huɗu, an jera su hawa-hawa a kanta, fanka tana zagaya iska, jiƙaƙƙun buhuna suna riƙe laima. Tun daga damina ba mu sake zubar da ko tire ɗaya ba, kuma duk juyi ana rubuta zafinsa safe da yamma a littafi.

Akwai ƙorafin da ba zan ɓoye ba. Wasu mambobi sun ce daddawar tire ta yi tsabta amma ƙamshinta bai kai ta kwando ba, musamman a miyar kuka. Na ɗanɗana, kuma ina ganin suna da gaskiya. A kwando ƙwayoyi iri-iri ne ke aiki tare, mu kuwa ɗaya muka zaɓa. Shekara mai zuwa za mu gwada haɗa iri biyu ko uku.

Sauran ayyuka a taƙaice: an koyar da mambobi amfani da ma'aunin zafi da wanke kayan aiki, an fara haɗa takardun neman rajistar NAFDAC, an kuma gwada waken soya saboda tsadar kalwa, ganin yadda ake sare ɗorawa ana yin gawayi. Bayanin kuɗi yana hannun ma'aji, za ta karanta shi a zauren taro.

Duk wadda take da tsohon kwando ko ƙwaryar da daddawarta ta yi suna a unguwa, don Allah ta zo da shi ranar taro, kada a wanke. Matasa za su goga auduga a jiki su ɗauki iri, a mayar mata da kayanta a ranar.

Sakataren ƙungiya, a madadin kwamiti.