Hannun Baba da na'urorin da aka yi maka magana

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Saƙonka ya iso ni, kuma tun da na karanta hankalina yana kan Baba. Ya jikin nasa? Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne.

Ka ce bayan shanyewar ɓarin jikin da ta same shi, ƙafa ta fara ɗaukarsa, hannun dama ne ya ƙi, har an kawo maka zancen na'urorin zaburar da ƙwaƙwalwa da tabaran kwamfuta. Ka tuna ɓarnar tana can ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa. Ƙwayoyin da suka mutu ba sa dawowa, amma maƙwabtansu kan koyi aikin, kuma sai da maimaici suke koyo. Watanni ukun farko ne suka fi karɓar darasi, saboda haka kada a ɓata su wajen jira.

Cikin na'urorin, akwai ta maganaɗisu da ake ɗorawa a kai, wadda Anthony Barker ya fara nunawa a Ingila a 1985. Akwai kuma ta lantarki mai rauni ƙwarai, ana manna wa mutum kamar minti 20. Wasu gwaje-gwajen sun ga amfaninsu, wasu manya ba su ga bambanci ba. Wadda ta fi jan hankalina ita ce Vivistim, da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2021. Ana dasa ta a ƙirji, tana taɓa wata jijiya a wuya daidai lokacin da majiyyaci ke ƙoƙarin motsa hannu. A gwajin mutum 108, kashi 47 cikin 100 na waɗanda aka zaburar sun samu ci gaba na a zo a gani, sauran kuwa kashi 24. Sai dai tiyata ce, kuma an yi ta ne don waɗanda suka daɗe da ciwon. Ka lura da kyau, ko a nan sai da majiyyaci ya sha gashi da motsa jiki.

Tabaran kuwa, mutum kan ga kansa yana kama ƙwallo ko miƙa hannu ya ɗauki kofi. A wani gwaji da aka fitar da sakamakonsa a 2016, an gwada wasannin kwamfuta na Nintendo Wii, da ake bugawa da motsa hannu, a kan mutum 141, aka kwatanta su da wasanni irin su karta, kuma duka ɓangarorin suka samu sauƙi kusan iri ɗaya. Wallahi wannan ya kwantar min da hankali, domin ya nuna cewa yawan motsin ne ke aiki. Amfanin tabaran a wurina shi ne korar gajiya da ƙosawa. Dattijon da ya gaji da ɗaga hannu sau goma zai iya yin ɗari bai sani ba.

Idan likitansa ya yarda a gwada ta maganaɗisun, ku faɗa masa ko Baba ya taɓa yin farfaɗiya, ko akwai ƙarfe a kansa. Amma don Allah kada a ajiye gashi saboda jiran na'ura. Ku bar shi ya gwada ɓalle maɓallin rigarsa da kansa, ko da zai ɗauki lokaci, ku danne tausayi.

Ka rubuto min ko yatsun sun fara buɗewa. Ka gaishe min da shi da Umma.

Naka har kullum.