Wasiƙa daga Samaru: 'yar Zariya da tagwayen Misisifi

Samaru, Zariya
6 ga Yuli, 2025

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Yaya zafin Alƙahira? Mu nan damina ta kankama, masarar bayan gida ta wuce gwiwa, layinmu kuwa ya koma taɓo kamar yadda ka bar shi. Inna tana gaishe ka, ta ce tun Babbar Sallah ba ta ji muryarka ba, kuma kada ka fake da karatu.

Na saurari saƙon muryarka har ƙarshe, ina gyaran takardun jarrabawa. Wato kai har ka gama shari'a, ka miƙa wa Michael B. Jordan kyautar Oscar tun shekara ba ta raba tsakiya ba. Na ce wannan magana ta fi ƙarfin waya, sai an zauna da biro.

Ni ma na kalli Sinners ɗin, fim ɗin da Jordan ya fito a matsayin tagwaye Smoke da Stack na jihar Misisifi ta Amurka, sau biyu ma. Na farko a sinima a Abuja cikin watan Mayu, na biyu a gida da daddare bayan yara sun yi barci. Ban musa maka ba, yaron ya yi aiki. Mu da muka tashi da finafinan Indiya, mutum ɗaya ya fito a matsayin tagwaye ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Dilip Kumar ya yi a Ram Aur Shyam tun 1967, Hema Malini ta yi a Seeta Aur Geeta a 1972. Amma a can sauƙi ake yi wa ɗan wasa: ɗaya salihi matsoraci, ɗaya tantiri, ko makaho ya bambance su. Smoke da Stack kuwa duk biyun 'yan ta'adda ne da suka dawo daga Chicago da kuɗin da ba a tambayar asalinsa. Hular shuɗi da malafar ja taimako ne kawai ga mai kallo. A kallo na biyu sai na daina duba kai, na koma duba hannu da baki. Hannun Smoke rawa yake yi tun daga yaƙin duniya, ko taba ba ya iya naɗawa sai Stack ya naɗa masa, kuma ba ya buɗe baki sai ta kama. Stack shi kuwa murmushi ne jarinsa, da shi yake saye da shi yake sayarwa. Kafin rabin fim na manta mutum ɗaya ne.

To amma ni ba a kansa idona ya tsaya ba. A kan Annie ya tsaya, matar Smoke, mai maganin gargajiya. Ka san wace ce ta fito a wannan matsayi? Wunmi Mosaku, kuma a nan Zariya aka haife ta a 1986, iyayenta Yarabawa ne malaman jami'a, suka tafi da ita Manchester tana da shekara ɗaya. Kada ka ce son kai na Bazazzagi ne, don wallahi sai da na fito daga sinima na duba sunanta kafin na sani.

Ka tuna inda Smoke ya je gidanta, ya ajiye furanni a kan kabarin jaririyarsu, sannan ya shiga ɗaki? Shekara bakwai rabonta da shi. Wata 'yar wasan da ta samu irin wannan wuri, kuka za ta ɓarke da shi, ta yi jifa da kwanuka. Ita ko ƙwayar idonta ba ta girgiza ba. Ta ci gaba da sallamar yaran da suka zo sayen magani, ta bar shi a tsaye kamar baƙon da ba a yi wa shimfiɗa ba. Da ya raina tsibbunta, ya ce da yana aiki da 'yarsu ba ta mutu ba, sai ta gano layar da ta ba shi tana nan rataye a wuyansa duk tsawon shekarun. Abin da fuskarta ta yi a wannan daƙiƙa, ban san sunansa ba. Fushi ne da bai gama hucewa ba, ga kuma daɗin cewa bai jefar ba. Na san irin wannan mata, kai ma ka san su. Gwaggonmu ta Tudun Wada haka take tarbar mijinta in ya dawo daga doguwar tafiya ba sallahu: ta kawo ruwa, ta kawo tuwo, ba ta ce komai ba, shi kuwa ya rasa inda zai sa kansa. Kuma da mayun nan masu shan jini suka zagaye gidan rawan da tagwayen suka buɗe, ita kaɗai ce ta lura cewa mai gadin ƙofa ya tsaya yana roƙon a ce masa ya shigo. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa a ɗakin ya koma bayanta.

Sai Delroy Lindo, tsoho mai shekara 72, wanda ya fito a mashayin makaɗi Delta Slim. Wurin da yake cikin mota yana ba da labarin abokinsa da fararen fata suka kashe, magana ta ƙare masa, ya koma gunji yana buga hannu har gunjin ya zama waƙa, nan ne na ji tsigar jikina ta tashi. Wannan bawan Allah, har zuwa wannan Yuli na 2025, ba a taɓa ko sa sunansa a takarar Oscar ba. A 2020 kowa ya rantse Da 5 Bloods zai kai shi, aka fitar da sunaye babu shi.

Nan ne gardamarmu take. Kai kana auna kyan wasa, su kuwa masu zaɓen Oscar, kusan mutum dubu goma, mantuwa ce ke ɗawainiya da su. Fim ɗin ya fito ran 18 ga Afrilu. Sai 22 ga Janairu za a sanar da 'yan takara, bikin kansa kuma sai 15 ga Maris, 2026. Tsakanin nan akwai bukukuwan finafinai na Venice da Telluride da Toronto a ƙarshen Agusta zuwa Satumba, inda kamfanoni suke sako manyan dawakansu da suka ɓoye, su bi su da kuɗin talla da liyafa har zuwa ranar ƙuri'a. Gurbi biyar ne kacal a kowane rukunin 'yan wasa. Tuni ma akwai masu riƙe da tuta: Wagner Moura na Brazil ya ci gwarzon ɗan wasa a bikin finafinai na Cannes a Faransa cikin Mayu, Rose Byrne ta ci tata a Berlin tun Fabrairu, kuma finafinansu sai can gaba za su shiga kasuwar Amurka, daidai lokacin da ake buƙatar a tuna da su.

Ga kuma tsohon rainin da suke yi wa fim ɗin ban tsoro. Lupita Nyong'o ta fito a mutum biyu a Us cikin Maris 2019, masu sharhi na New York suka ba ta gwarzuwar shekara, Oscar ko kallonta ba ta yi ba. Haka aka yi wa Toni Collette shekara ɗaya kafin nan. Shi kansa Jordan, da aka yi Creed a 2015, Sylvester Stallone aka ɗauka aka bar shi a ƙofa.

Na san abin da za ka ce, don na san halinka. Za ka kawo mini Michelle Yeoh, wadda fim ɗinta ya fito a Maris 2022 ta kuma ɗauki kyautar bayan shekara guda cur. Za ka kawo Daniel Kaluuya da ya shiga takara da Get Out, fim ɗin ban tsoro na watan Fabrairu. Gaskiyarka. Kuma Sinners yana da abin da waɗancan suke da shi: jama'a sun yi tururuwa, ya tara sama da dala miliyan 300, alhali ba ci gaban wani tsohon labari ba ne. Fim ɗin da ya cika aljihun kamfani, kamfani ba ya bari a manta da shi. Saboda haka na yarda Jordan zai shiga cikin biyar. Cin kyautar ne ban sa hannu ba tukuna, sai na ga abin da kaka ta kawo. Tsorona yana kan Wunmi, don irin wasanta na shiru ne, ba shi da wurin kururuwar da ake yankowa a nuna a daren biki. Ko da yake ba baƙuwar kyauta ba ce, ta ci kyautar BAFTA ta talabijin a Birtaniya a 2017.

Af, kafin na manta. Ka ji labarin My Father's Shadow na Akinola Davies? Shi ne fim ɗin Najeriya na farko da aka zaɓa a jerin hukuma na Cannes, har alƙalai suka yaba masa ta musamman. Labarin uba ne da 'ya'yansa biyu a Legas a lokacin rikicin zaɓen 1993, Sope Dirisu ne uban. In ya riga zuwa wajenku, ka kalla ka ba ni labari, amma kada ka faɗa mini ƙarshe kamar yadda ka saba.

To ga sharaɗi, kuma ba caca ba ce, kyauta ce tsakanin 'yan'uwa, kada malaman Azhar su ji su kore ka. In Jordan ya ci, balangun ranar da ka sauka a wuyana yake, har da yaji da albasa da lemo. In sunan Wunmi ya fito ran 22 ga Janairu, ko ba ta ci ba, kai za ka zo mini da jallabiya mai kyau daga kasuwar Khan el-Khalili ta Alƙahira, ba irin ta bara da ta tsuke a wankin farko ba.

Ka gaishe da uwargida, ka shafa mini kan yara. Ka kira Inna ranar Juma'a bayan la'asar, lokacin wayar tana hannunta.

Naka,
Amininka na Samaru