Kwabon da bai bugu sosai ba daban yake da wanda ya goge

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni ɗan fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan wani kuskure da ke jawo wa masu cinikin tsofaffin kuɗin ƙarfe asara a birnin Kano, musamman game da senti ɗaya na Amurka mai hoton Shugaba Abraham Linkon, wanda aka fara bugawa a 1909. Irinsa kan zo hannunmu a gauraye da anini da kwabo mai huda na zamanin Turawa, cikin kwanukan masu kayan tarihi irin na Kasuwar Kurmi.

Da yawa daga cikinmu, da zarar mun ga zanen ya dusashe, sai mu yanke hukunci cewa yawo a hannun mutane ne ya cinye shi. Ba kullum ne haka ba. Wani kwabon tun daga gidan buga kuɗi ya fito a haka, saboda ƙarfen da ake danna zanen da shi ya tsufa, ko maiko ya cike ramukansa, kamar dai tsohon hatimin ofis da ake bugawa da ƙarfi amma rabin rubutun ba ya fita. An san gidajen buga kuɗi na biranen Denba da San Faransisko a Amurka da wannan matsala a shekarun 1920.

Na 1922 shi ne babban misali. A wannan shekara Denba kaɗai ta buga senti, don haka ya kamata kowanne ya zo da harafin D, alamar Denba, a ƙasan shekara. Amma ƙarafan bugun sun gaji, har aka samu waɗanda harafin bai fito ba sam, kuma su ne a yau masu tarawa suke rububi a kansu, musamman wanda zangarniyar alkamar da ke bayansa ta fito tangaram. Abin da ya fara a matsayin aibi shi ya zama daraja, shi ya sa kuma maha'inta suke kankare harafin da gangan, sai mai saye ya sa gilashin ƙara girma ya duba ko akwai tabon kankara.

Bambancewar ba ta buƙatar wani injin. A riƙe kwabon ta gefe, a juya shi a hankali a hasken taga. Idan yawo ne ya ci shi, kunci da muƙamuƙin Linkon za su yi sumul, launinsu ya bambanta da na sauran fuskar. Idan kuwa rashin bugu ne, ƙyallin asali yana nan har a wurin da zanen ya kwanta. Ma'aunin ingancin kuɗin ƙarfe da wani Ba'amurke, William Sheldon, ya fito da shi a 1949, mai hawa daga 1 zuwa 70, wanda kamfanonin tantancewa irin su PCGS da NGC suke aiki da shi, yana iya sanya kwabon da bai taɓa yawo ba a 60 ko sama da haka ko da bugunsa ya yi rauni, sai dai raunin kan hana shi kaiwa can ƙololuwa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, kwanakin baya wani dillali ya nuna mini sentin 1925 mai harafin S, alamar San Faransisko, launinsa ƙasa-ƙasa mai kyau. Na ce zan dawo da kuɗi washegari. Da na koma, na tarar ya dirje shi da toka da lemun tsami, wai don zanen ya fito. Zanen da ba a buga ba tun farko ina zai fito? Ya yi jajir kamar sabuwar wayar lantarki, duk fuskarsa zane-zanen dirza, kuma kamfanonin tantancewa ba sa ba wa kwabon da aka wanke lamba a kan wancan ma'auni. Dole na bar masa kayansa.

Ina kira ga dillalanmu da su bar tsohon jan ƙarfe da launin da shekaru suka ba shi, su ajiye kowanne a 'yar takardarsa daban, nesa da laimar damina.

Wassalam.

Naku,
Wani mai tara tsofaffin kuɗi,
Birnin Kano.