Kafin a goge kwamfuta don shafi ɗaya ya ƙi buɗuwa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarka domin in ja hankalin masu kwamfuta a gida kan wata matsala da ke cin kuɗin jama'a a banza a nan Maradi. Shafi ɗaya ne zai ƙi buɗuwa alhali sauran suna buɗuwa lafiya, kuma shi ɗin ma yana buɗuwa a waya idan aka bar wifi aka koma data. Daga nan sai a ruga wurin mai gyara a goge komai a sake ɗora Windows, abin da ba shi da dalili ko kaɗan.

Kwamfuta da lamba take isa shafi, kuma tsarin DNS, wanda Paul Mockapetris ya ƙirƙiro a 1983, shi ke faɗa mata lambar kowane suna. Idan ta samu amsa takan adana ta har wa'adin da mai shafin ya sa, wanda ake ƙirgawa da daƙiƙa: 3600 awa ɗaya ke nan, 86400 kwana guda. To idan shafin ya koma sabuwar lamba kafin wa'adin ya cika, sai ta yi ta zuwa tsohuwar, kamar ɗan kabu-kabun da bai ji labarin an tashi daga gidan ba.

A buɗe "Invite de commandes" (tagar rubuta umarni ta Windows, Command Prompt a Turanci), tunda yawancin injinanmu da Faransanci suke, a rubuta ipconfig /flushdns domin share tsoffin amsoshin da kwamfutar ta adana, sannan a rufe Chrome gaba ɗaya a sake buɗewa, domin shi ma yana da tasa ajiyar. In bai yi ba, a cire wa akwatin wifi wuta a mayar. In har yanzu shiru, a rubuta nslookup da sunan shafin don ganin lambarsa, a maimaita tare da 8.8.8.8, wato DNS na Google, a ƙarshe. Lambobin in sun bambanta, mai yiwuwa tsohuwar amsar tana wurin kamfanin layi, sai a jira ko a mayar da DNS ɗin kwamfutar kan 1.1.1.1 na kamfanin Cloudflare.

Wurin da masu gyara suka fi mantawa shi ne fayil ɗin hosts da ke C:\Windows\System32\drivers\etc, wanda ke haɗa sunan shafi da lamba a cikin kwamfutar kanta. Abin da aka rubuta a ciki ba shi da wa'adi, kuma manhajojin sata da ake ɗora wa mutane sukan cusa layuka a nan. A buɗe shi da Bloc-notes (Notepad) da izinin mai kula da injin, a goge layin da ke ɗauke da sunan shafin.

Wassalam.

Wani mai karatu, unguwar Zariya, Maradi